"Sabis ya ɗauke": Abin da ake faɗa a hira a Batagarawa, da abin da ke faruwa a bayan fage

Ranar Litinin 4 ga Oktoba, 2021, wajen ƙarfe biyar saura na yamma, WhatsApp ya tsaya cak. Saƙo ya ƙi tafiya, sai ɗan agogon nan a gefensa. Facebook ya ƙi buɗewa, Instagram ma haka. Mutane suka shiga abin da aka saba: a kashe data a kunna, a cire sim a goge a mayar, a kashe wayar gaba ɗaya. Wasu har sabuwar data suka saya, a zatonsu tasu ce ta ƙare.

A Batagarawa kuwa, akwai dalilin da zai sa gaban mutum ya faɗi fiye da na wanda ke Legas ko Abuja. Makonni kaɗan kafin ranar, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, cikinsu har da maƙwabta irin su Kurfi da Batsari da Jibiya. Ga shi kuma tun watan Yuni gwamnatin tarayya ta rufe Twitter. Duk wanda ya ce "shi ke nan, mu ma an iso kanmu" a wannan yammacin, ba za a ga laifinsa ba.

Amma ba haka ba ne. A rana ɗaya, a jiha ɗaya, matsaloli uku ne suka haɗu waɗanda babu abin da ya haɗa su, kowace da sanadinta, kowace da maganinta. Sai dai a bakin jama'a sunansu ɗaya: sabis ya ɗauke.

Inda hirar take

Hanyar Dutsin-Ma, wadda ta fita daga birnin Katsina ta ratsa Batagarawa, hanya ce ta ɗalibai. A kanta Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa take, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da Jami'ar Al-Qalam. Inda ɗalibai suka taru kuwa, akwai mai cajin waya, da mai POS, da mai gyaran waya, da shagon da ake rajistar makaranta da buga takardu. Duk abincin waɗannan mutane a kan sabis yake.

Shi ya sa labarin fasaha ba ya wuya a wurin. A teburin mai shayi ne ko a guruf ɗin 'yan aji, da zarar netwok ya yi rauni za ka ji bayani iri-iri. Wani ya ce gwamnati ce ta kashe. Wani ya ce kamfani ne ke neman ƙara kuɗin data. Wani ya ce wayarka ce ta tsufa. Sai wanda ake ganin ya fi kowa sanin waya ya yanke hukunci: "Kawai ka sa VPN."

Wannan hira ita ce makarantar fasahar da yawancin matasa suka shiga, kuma tana da amfaninta. A nan ake sanin layin da ya fi ƙarfi a wace unguwa, da wayar da batirinta ke riƙe caji. Matsalarta ɗaya: babu mai gyara. Wanda ya fi ɗaga murya shi ne mai gaskiya. Kuma kuskure a nan yana da farashi, domin wanda bai san irin ciwon ba zai sayi maganin da ba nasa ba, wani lokaci ma ya miƙa asusunsa ga ɓarawo da hannunsa.

Hanyar da saƙonka ke bi

Kafin a gane inda abu ya lalace, sai an san hanyarsa. Idan ka tura hoto daga Batagarawa zuwa ga abokinka da ke Ƙofar Ƙaura, hoton ba ya tsallakawa kai tsaye daga wayarka zuwa tasa. Da farko wayarka za ta aika shi ta iska zuwa ƙarfen sabis mafi kusa. Daga nan zai shiga kebul ɗin fayiba da aka binne a gefen titi, ko kuma a harba shi daga wannan ƙarfe zuwa wancan, har ya isa cibiyar kamfanin layinka. Cibiyar za ta duba ko layinka na da izini kuma yana da data, sannan ta miƙa shi ga manyan kwamfutocin kamfanin manhajar. Sau da yawa waɗannan kwamfutoci ba a Nijeriya suke ba, don haka sai saƙon ya bi kebul ɗin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, wanda yawancinsu a Legas suke shigowa ƙasar, tazarar sama da kilomita 1,000 daga Katsina. Sannan ya juyo ya nufi wayar abokin naka.

Ka ga ke nan gaɓoɓi ne da yawa: waya, ƙarfe, fayiba, cibiya, kebul ɗin teku, sai kamfanin manhaja. Ko wace gaɓa ce ta karye, abin da za ka gani a fuskar wayarka kusan iri ɗaya ne.

Idan aka kashe ƙarfen sabis

Abin da ya faru a Satumban 2021 ke nan. Bayan an fara da jihar Zamfara, gwamnatin Katsina ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari ta ɗauki irin matakin, da nufin raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Ƙananan hukumomin da aka sanar da farko su ne Sabuwa, Faskari, Ɗandume, Batsari, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Jibiya, Safana, Dutsin-Ma, Kurfi, Funtuwa, Bakori da Malumfashi. Batagarawa ba ta cikin jerin, amma ɗalibin da ke karatu a nan alhali iyayensa na Safana ko Ƙanƙara, shi ma kamar an yanke masa ne, tunda babu wanda zai kira. Sai a watan Disamba aka fara maido da layukan.

A irin wannan yanayi gaɓa ta biyu ce aka cire. Wayarka tana lalube ba ta sami ƙarfen da zai amsa mata ba. Alamarsa a fili take: sandunan sabis za su ɓace gaba ɗaya, babu kira, babu tes, babu lambobin banki. Babu wata manhaja a duniya da za ta yi maganin wannan. Abin da ya rage shi ne mutum ya yi tattaki zuwa inda wani ƙarfen yake aiki, kuma haka mutane suka riƙa yi, suna shiga mota zuwa wani gari don kiran waya ɗaya. A bakin iyaka kuwa wasu sun koma ga layukan Nijar, domin igiyar rediyo ba ta san shingen kan iyaka ba.

Idan aka toshe shafi ɗaya

Labarin Twitter daban ne. A ranar 4 ga Yuni, 2021 Ministan Yaɗa Labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya sanar da dakatar da shi, kwanaki kaɗan bayan kamfanin ya goge wani rubutu na Shugaba Muhammadu Buhari. Kamfanonin waya suka toshe hanyar zuwa shafin, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu, 2022. Daga baya, a watan Yulin 2022, kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa wa doka.

A nan sabis lafiyarsa ƙalau. Ƙofa ɗaya ce aka rufe a cibiyar kamfani. Shi ya sa VPN ta yi aiki. Abin da take yi shi ne ta naɗe buƙatarka ta aika wa wata kwamfuta a wata ƙasa, ita kuma ta je ta ɗauko maka shafin. Kamfanin layinka yana ganin kana magana da waccan kwamfutar, amma bai san me ka aike ta ba. Kamar wanda aka hana shiga wani gida ne, sai ya aiki yaron maƙwabta.

Daga wannan lokaci ne VPN ta yi suna a hirar matasa har ta zama maganin kowace cuta. Alhali ita ma a kan sabis ɗin take tafiya. Idan babu ƙarfe, babu ita. Idan hanya ta cushe, ƙara mata nisa take yi. Kuma duk abin da ka aika ta hannun mai ita yake bi, don haka idan ta kyauta ce, ka tambayi kanka da me yake biyan kuɗin kwamfutocinsa.

Idan kamfanin ne da kansa ya faɗi

To mene ne ya faru ranar 4 ga Oktoba? Kamar yadda kamfanin Facebook ya bayyana daga baya, injiniyoyinsa ne suke wani aikin gyara da suka saba, sai wani umarni da aka bai wa na'urori ya yanke hanyar da ta haɗa cibiyoyinsa. Nan take adireshin Facebook da WhatsApp da Instagram ya ɓace daga taswirar da kwamfutocin duniya ke bi su same su. Gidan yana nan, amma babu wanda ya san hanyarsa. Kusan awa shida aka yi a haka, kuma a duniya baki ɗaya, daga Katsina har Amurka. Mai kamfanin Telegram, Pavel Durov, ya ce a wannan rana kaɗai sababbin mutane sama da miliyan 70 ne suka shiga manhajarsa.

Babu hannun gwamnatin Nijeriya a ciki, babu na MTN ko Airtel ko Glo. Da wanda ya sayi sabuwar data a ranar ya gwada buɗe YouTube ko Google tukuna, da ya ga suna aiki, da kuɗinsa na aljihunsa.

Idan kebul ya tsinke

Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, cikin azumi, intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama lokaci guda. Kebul huɗu na ƙarƙashin teku ne suka lalace a gaɓar ƙasar Kwaddibuwa: WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Kamfanin MainOne ya ce binciken farko ya nuna motsin ƙasa ne a ƙasan teku. Manhajojin bankuna da dama suka daina aiki, tiransifa ta riƙa maƙalewa.

Abin lura shi ne kiran waya tsakanin layukan cikin gida bai tsaya ba, tunda shi ba ya buƙatar ƙetare teku. Intanet ɗin ma bai mutu gaba ɗaya ba, domin akwai kebul ɗin da suka tsira, irin su Glo-1 da Equiano na Google wanda ya iso Legas a 2022, sai kamfanoni suka karkatar da kayansu ta can. Gyaran kuwa makonni ya ɗauka, saboda sai jirgin ruwa na musamman ya je ya lalubo kebul ɗin, ya ɗago shi, a haɗa, a mayar.

Wanda ya fi wannan yawan faruwa shi ne tsinkewar fayiba a kan tudu. Motar aikin titi ta tono shi, mai haƙa kwalbati ya sare shi, ko ɓarawo ya yanke da zaton akwai jan ƙarfe a ciki, alhali zaren gilashi ne. A ranar 28 ga Fabrairu, 2024 layin MTN ya ɗauke na sa'o'i a sassan ƙasar da yawa, kuma kamfanin ya ce fayiba ce ta tsinke a wurare daban-daban. A wannan shekarar ne Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Ga mazaunin Katsina wannan batu ya fi nauyi, domin yadda kake nesa da Legas, haka yawan wuraren da hanyarka za ta iya yankewa.

Idan sanduna sun cika amma babu motsi

Wannan shi ne ciwon yau da kullum a hanyar Dutsin-Ma, kuma shi ya fi jawo zargi. Waya na nuna 4G, sanduna a cike, amma bidiyo sai juyawa yake. Sandunan nan ƙarfin muryar da ke tsakanin wayarka da ƙarfe kawai suke nunawa, ba sa gaya maka mutum nawa ne ke kan ƙarfen. Kowane ƙarfe yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma rabawa ake yi. Kamar famfon unguwa ne: da asuba bokiti kan cika nan da nan, da yamma sai an bi layi. Idan an dawo hutu, ko lokacin rajista, ko bayan isha'i da kowa ya kwanta da TikTok, rabon kowa raguwa yake. Dalilin da ya sa tsakar dare ya fi sauri ke nan, kuma shi ya sa kamfanoni ke sayar da datar dare da araha.

Akwai kuma batun wuta. Ƙarafan sabis da yawa a Nijeriya da janareta da batir da sola suke aiki. Idan dizal ya yanke ko aka sace batir, ƙarfen zai mutu, wayoyin da ke kansa su koma kan na kusa, shi ma ya cushe.

Idan layinka ne kaɗai

A ƙarshen watan Yulin 2024, ana saura kwanaki kaɗan a fara zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 ga Agusta, ɗimbin mutane suka wayi gari an rufe musu layi. Hira ta ɗauka cewa an yi ne don a hana shirya zanga-zangar. Kamfanoni suka ce aikin haɗa layi da lambar NIN ne, wanda aka fara tun Disamban 2020. Jama'a suka cika ofisoshin kamfanonin, har Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta ba da umarnin a buɗe layukan nan take.

Ko me mutum ya ɗauka game da dacewar lokacin, alamar irin wannan matsala a bayyane take: wayar na kusa da kai tana aiki a kan layin kamfani ɗaya da naka, taka ba ta yi. A nan maganin yana ofishin kamfani ko wurin gyaran bayanan NIN. Ba ya wurin wanda zai ce ka turo kuɗi ya buɗe maka ta waya.

Masu cin kasuwar ruɗani

Duk ranar da sabis ya rikice, kasuwar 'yan damfara ce ta buɗe, domin ranar ce mutane ke neman bayani ido rufe. Sai ka ga saƙo yana yawo cewa kamfani na raba data kyauta don ba da haƙuri, a taɓa wannan linki. Ko a kira ka a ce daga ofishin layi ne, za a rufe naka idan ba ka karanto lambobin da aka turo maka yanzu ba. Lambobi shida ɗin nan su ne mabuɗin WhatsApp ɗinka. Kana faɗa, ya koma hannunsu, su shiga tura wa 'yan'uwanka saƙon neman rance da sunanka. Idan na banki ne kuwa, sai dai alat.

Tun da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na har zuwa kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, maganar "data kyauta" ta ƙara daɗi a kunne. Da ita ake tallata manhajojin da ba a samu a Play Store, waɗanda sai dai a tura maka su waya zuwa waya. Wadda ta yi alƙawarin burawuzin kyauta, amma tana neman izinin karanta tes ɗinka, ka san abin da take nema: ta tes ɗin ne banki ke turo lambar sirri.

Shi kansa WhatsApp ya san da matsalar yaɗa saƙo. Tun 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, a 2020 kuma ya mayar da wanda aka yi ta turawa zuwa wuri ɗaya kacal, yana kuma sa masa alamar kibiya biyu. Wannan alama ba shaidar gaskiya ba ce. Tana nufin an yi ta tura saƙon daga hannu zuwa hannu sau da yawa.

Gwajin minti biyu

Kafin ka sayi data, kafin ka sauke wata manhaja, kafin ka tura wa guruf cewa an kashe intanet, ga abin dubawa bi da bi.

Dubi sandunan sabis. Idan babu ko ɗaya, kunna alamar jirgi ka kashe. In ba su dawo ba, kuma na kusa da kai ma haka, matsalar ta ƙarfe ce.

Idan akwai sanduna, gwada kira, sannan ka danna *323# ka ga ragowar datarka. Tun 2023 wannan lamba ɗaya ce a duk layuka, kamar yadda *310# take ta duba kuɗi.

Idan akwai data, buɗe manhajoji biyu na kamfanoni daban-daban. Ka tuna WhatsApp da Facebook da Instagram gida ɗaya ne, don haka ka haɗa da YouTube ko Google. Idan ɗaya ce kawai ta ƙi, laifin nata ne.

Idan duk sun ƙi, gwada layin wani kamfani. In shi yana yi, fayibar kamfaninka ce ko cunkoso. In duk layuka sun yi nauyi amma kira na shiga, matsalar tana can gaba, sai haƙuri.

Idan kai kaɗai ne, danna *996# ka duba matsayin NIN ɗin layinka, ko ka kira 300 ka yi magana da kamfani. Idan ba su saurare ka ba, layin ƙorafi na NCC shi ne 622, kuma kyauta ne.

Idan kuma tiransifa ce ta maƙale a irin wannan lokaci, kada ka sake turawa sai ka duba asusunka ka tabbatar ba a cire ba. Ka adana rasit. Mai POS da abokin cinikinsa da yawa sun ɓata a kan kuɗin da ya fita sau biyu.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a yi tun sabis na nan: shiga saitin WhatsApp, sashen asusu, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka zaɓi lambar da kai kaɗai ka sani. Ko an yaudare ka an karɓi lambobi shidan, wannan za ta tare ƙofa.

Hirar ba za ta daina ba, kuma bai kamata ta daina ba. A kowane guruf akwai mutum ɗaya da ake jira ya yi magana idan waya ta rikice, wanda iyaye da ƙanne ke miƙa wa tasu su ce "duba mini". Abin da ya faɗa shi za a kai gida, daga Batagarawa har ƙauyukan Ajiwa. Idan ya ce a taɓa linki, za a taɓa. Idan kuma ya fara da tambayar "kira yana shiga?", to ya tsare wa mutane da yawa kuɗinsu.